Shekarar da Na Ɗauke Gashin Sallah Daga Gidan Yaya

A gidanmu na Abakpa, rana ta uku ta Babbar Sallah ita ce ranar gashi. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma ko a shekarar da abubuwa suka yi tsauri yakan yi ƙoƙari ya ajiye dabba ɗaya, ko da ɗan akuya ne, ba za a yanka ba sai wannan rana. Naman ranar farko na suya ne da rabon maƙwabta. Na rana ta uku kuwa na dangi ne, kuma ba ya ganin tukunya, wuta kaɗai ke taɓa shi.

Murhun Baba rabin duro ne da aka tsaga a tsaye, aka yi masa ƙafafu da rodi, aka ɗora ragar ƙarfe a kai. Da hantsi za a jawo shi tsakar gida a zuba gawayi. Ni ce auta, don haka ni ce mai fifita, ina tsugune da mafici hayaƙi na shiga idona. Inna ke daka yajin tun kafin Sallah, da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanunfari da barkono, ta tankaɗe ta zuba a gwangwanin madara. Hanta ke fara sauka daga wuta, kuma Inna ake fara miƙa wa kafin kowa. Haka Baba ya yi tun haƙoranta na nan har suka fara zubewa.

Da Baba ya rasu, babban wanmu, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce gidan Abakpa ya yi wa dangi kaɗan, a mayar da gashin gidansa na Unguwar Rimi. Babu wanda ya yi musu. Shi ne babba, shi ke da hali, gidansa kuma da fili. Shekarun farko lafiya lau aka yi. Inna ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce “Yayanku”, amma duk wanda ya ga yadda take kallonsa yana raba nama ya san ranta fari ne.

Shekarar da abin ya faru, Yaya ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya gyara farfajiyar gidansa. An dasa ciyawa, an kafa fitilu, an gina wani dogon murhu da baƙin tayil mai sheƙi, da murfin ƙarfe da bututun fitar da hayaƙi, gefe ɗaya na gawayi, ɗayan na gas. Ba zan rage masa ba, abin ya yi kyau. Ya ɗauko masu gashi daga wani otal, da fararen kaya da doguwar hula, ya gayyaci manyan wurin aikinsa da abokansa na harka.

Muna sauka daga Keke ni da Inna, maigadi ya tare mu a ƙofa ya ce Alhaji ya ce ’yan uwa su bi ta gefe. Aka bi da mu ta wani siririn lungu har zuwa can baya, inda tankin ruwa da janareta suke. An shimfiɗa tabarmi a gaban ɗakunan masu aiki. Nan muka tarar da Goggo, ƙanwar Baba, da Kawu da sauran dangi a zazzaune, kowa na ɗaga murya don ƙarar janareta. Ƙanshin nama na zuwa mana ta saman rufi, amma ba ma ganin wutar.

Inna ta zo da gwangwanin yajinta a cikin leda, kamar kowace shekara. Hankalinta ya ƙi kwanciya, tana ta cewa kada a sauke naman ba a barbaɗa ba. Na ce ta kawo in kai, ta ce a’a, tana so ta nuna wa masu gashin yadda ake yi, don yajin ba ya son wuta mai ƙarfi. Na riƙe hannunta muka sake bin lungun zuwa gaba. Atamfarta ce a jikinta da mayafin da take zuwa unguwa da shi, da silifas na roba, don a lokacin ƙafarta na kumbura, ba ta iya sa takalmi.

Ba mu kai ga murhun ba Yaya ya hango mu. Ya taso da sauri daga cikin baƙinsa ya tsaya a gabanmu.

“Inna, me ya fito da ku nan? Ku koma, yanzu za a kawo muku.”

Ya karɓi ledar daga hannunta ya miƙa wa wani mai aiki ba tare da ya duba abin da ke ciki ba. Wani baƙo mai babbar riga da ke zaune kusa ya ɗago ya ce, “Alhaji, su Hajiya ne?”

Yaya ya yi ’yar dariya ya ce, “Tsofaffinmu ne na unguwa, sun zo yawon Sallah.”

Hannun Inna na cikin nawa. Na ji ta matse yatsuna, sannan ta saki. Ta juya, muka koma. Babu wanda ya ji wannan magana a cikin dangi sai ni da ita.

Sai bayan la’asar aka kawo mana namu, a cikin manyan tire guda biyu. Wuya ne da ƙashin baya da guringuntsi, ya huce har kitsen ya daskare ya yi fari. Inna ta ɗauki yanka ɗaya ta juya shi, ta mayar, ta ce dama cikinta ba daɗi. An yi yayyafi a ranar. Da za mu fita na ga gwangwanin a kan katanga kusa da famfo, babu murfi, ruwa ya shiga yajin ya zama taɓo. Na san ita ma ta gani, don ta kawar da kai ta hau gyara mayafi.

A cikin Keke na kasa haƙuri, na ɗauko maganar. Ta ce Yayanku yana da baƙi, hankalinsa ya rabu, ita ba ta ji komai ba. Ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa. Ban ce to ba. Muna wuce fitilun titi ina kallon hannunta a kan cinyarta, hannun da ya sha taɓarya yana daka wannan yaji, na ce a raina sai Yaya ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana mata, kuma a gaban mutane.

Bayan damina muka tare a gidan da muka daɗe muna ginawa a Katabu, ni da maigidana. Malamin makaranta ne, ni ma haka, kuma Malam nake ce masa. Gidan ba a yi masa filasta ba, ɗakuna biyu ma ba tagogi, amma akwai fili a baya wanda ya ninka farfajiyar Yaya. Ranar da muka kwashe kaya, kowa na duba ɗakuna, ni ina tsaye a filin ina auna inda murhu zai zauna da inda iska ke bi.

Na je Abakpa neman duron Baba, na tarar tsatsa ta cinye gindinsa, yatsa ma na shiga. Sai na tafi kasuwar Panteka wurin maƙera na sa aka yi mini raga mai kauri da za ta ɗauki rabin rago, da ƙarafan da za a riƙa ɗaga ta ko a sauke ta kusa da wuta. Na sa birkila ya gina mini murhu da jan bulo, tsayinsa daidai ƙuguna, da ƙofar kwashe toka a ƙasa. Da yake Sallah na faɗawa cikin damina a shekarun nan, aka kafa rumfar kwano a kai, mai faɗin da mutane za su fake.

Fifita na iya tun ina yarinya, amma gashi ban iya ba. Kazar farko da na ɗora ta ƙone a waje, ciki kuma jini. Cinyar akuya ta bushe ta zama kamar fata. Duk ƙarshen makon da aka samu hali sai na kunna wuta, har na gane cewa ba a ɗora nama sai gawayi ya daina baƙin hayaƙi ya yi farar toka a sama, kuma garwashi gefe ɗaya ake tara shi, tsire ya hau wurin zafi, haƙarƙari ya kwanta can nesa ya nuna a hankali. Na koyi shafa man gyaɗa da rabin albasa a soke a tsinke. Na gano mai gawayin kirya a hanyar Zariya, wanda gawayinsa ba ya tartsatsi kuma yana daɗewa.

Na sayi ɗan rago tun da sauran watanni, na ɗaure shi a gindin katanga. Da kaina nake ba shi dusa da harawa kafin in tafi makaranta. Ina zuba masa ina tuna dariyar nan ta Yaya.

Malam ba yaro ba ne, ya lura. Wata ranar Asabar ina juya kaji yana zaune a kan benci, ya ce, “Wannan aikin duk don zumunci kike yi, ko don Yaya?”

Na ce, “Don Yaya.”

Na ba shi labarin abin da ya faru. Ya saurara har ƙarshe. Daga baya ya ce abin da Yaya ya yi ba shi da kyau, amma ramuwa a kan ɗan’uwa ba ta ƙarewa inda mutum ya yi niyya, in yi tunani. Na ce na yi. Ya ce shi ba zai hana ni kiran dangina gidana ba, zai kuma taya ni juya nama, amma kada in sa bakinsa a sauran.

Niyyata ta farko ita ce in janye dangi kawai, a bar shi da baƙinsa da tire biyunsa. Sai ga wata dama da ban nema ba. A wani taron suna, matar Yaya, wadda muke ce wa Anti, ta ja ni gefe tana murna. Ta ce babbar ’yarsu ta samu miji, mutanen Zariya ne, gidan malamai masu son sanin asalin inda za su nemi aure. Yaya ya gayyace su gashin rana ta uku don su ga dangi. Ta ce bana a gaba za a kafa wa kowa rumfa, kuma Alhaji ya riga ya aika wa Inna leshi da takalmi mai laushi da za ta sa.

Na yi mata murna da baki. A hanya kuwa sai na hau lissafi. Wato bara Inna tsohuwar unguwa ce, bana da ake bukatar a nuna uwa, za a sa mata leshi a zaunar da ita a gaba kamar kayan ado. Na yi tunanin yarinyar, don ni na goya ta tana jaririya kuma ina sonta. Amma na ce mutanen kirki ba za su fasa aure don an sa su tafiya Katabu ba, in kuma suka fasa, dama ba su cancance ta ba. Ban sake waiwaya ba.

Goggo na je wa. Ita ce babba a dangin Baba da suka rage, kuma in ta ce a tashi, tashi ake yi. Na same ta tana tsince shinkafa, na zauna na gaya mata komai, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta ajiye faifan ta ce in sake maimaita abin da ya ce. Na maimaita.

“Matar yayana ya faɗa wa haka? Wadda ta sayar da kwallayenta ya yi karatu?”

Na ce ita ce. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, can ta ce, “Ki sayi gawayi da yawa.”

Sauran aikin Goggo ce ta yi da wayarta. Ta kira Kawu, ta kira ’yan uwanmu na Kawo da na Unguwar Shanu da na Rigasa, ta ce bana gidan Auta za a je a sa albarka, kuma ba sai an yi ta yaɗawa ba. Wasu sun san dalili, wasu ba su sani ba. Ba wanda ya manta tabarmar gefen janareta, don haka ba a sha wahalar shawo kan kowa ba.

Inna kuwa na roƙe ta ta daka mini yaji irin na Baba. Ta yi farin ciki har ta aike ni kasuwa in canjo cittar da na kawo, wai ba ta da ƙarfi. Washegarin Sallah na je na ɗauko ta ta kwana a wurina. Na ce mata bana a gidana za a yi gashi. Ta tambaye ni ko Yayanku ya sani, na ce zai sani. Leshin na cikin akwatinta a Abakpa, ban tuna mata ba.

Da sassafen rana ta uku Malam ya yanka ragon, wani maƙwabcinmu mahauci ya feɗe ya daddatsa. Na jiƙa haƙarƙari da cinyoyi da tafarnuwa da citta da gishiri, na yanyanka tsoka sirara na jera a tsinke, na tsoma a ƙuli-ƙuli. Kafin azahar motocin haya sun fara sauke mutane a bakin titi. Maza suka zauna a ƙarƙashin rumfa kusa da wuta, mata a baranda, ga zoɓo da kunun aya a cikin manyan robobi da ƙanƙara, ga waina da ’yan uwa suka taho da ita. Na naɗe hantar da siririn kitsen ciki na gasa ta a gefen wuta har ta yi laushi, na yanka ƙanana, na barbaɗa yaji, na kai wa Inna a gaban kowa. Ta ci, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, ta cinye.

Wayoyi suka fara ƙara. Ta Kawu ta yi, ya duba ya mayar aljihu. Ta Goggo ta yi, ta ce ba ta san inda ake dannawa ba. Tawa ta yi ta yi har ta gaji, ina juya tsire. Da ta sake yi na goge hannu na ɗauka.

“Auta, ina Inna?”

“Tana gidana, Yaya. Yanzu ta gama cin hanta.”

“Su Goggo fa? Su Kawu?”

“Duk suna nan.”

Ina jin muryoyin mutane a bayansa. Ya ce, “Kin san ina da baƙi.”

Na ce, “Na sani. Bara ma kana da baƙi.”

Ya kashe wayar. Ba a jima ba direbansa ya iso da mota, wai a ba shi Hajiya da manya. Inna ta fara laluben silifas ɗinta, Goggo ta dafa ƙafarta ta ce ta zauna. Ta ce wa direban ya koma ya ce tsofaffi sun gaji, wanda ke son gaishe su ya san hanyar Katabu. Na ƙunsa masa tsire a takarda ya tafi.

Daga baya Anti ta ba ni labarin yadda aka yi a can. Raguna uku aka gasa, an kafa rumfuna, an jera kujeru da sutura, amma ɓangaren dangi babu kowa sai ’yan uwanta ita. Wan mahaifin yaron da ke neman auren, dattijo mai farin gemu wanda ya jagoranci baƙin, ya tambayi mahaifiyar Alhaji, aka ce tana hanya. Aka kawo nama, ya ce ba za su sa hannu ba sai sun gaishe ta. Ya sake tambaya, aka ce tana wurin ƙanwarsa. Ya ce to ai su ne ya kamata su je, ba ita za ta zo musu ba.

Bayan la’asar suka iso. An yi ruwa da rana, layinmu kuma jar ƙasa ce, motoci suka kasa shigowa. Daga bakin titi suka tako, kowa ya tattare babbar riga, suna tsallake kwata. Ni na buɗe musu ƙofa, da zanin da ya sha hayaƙi da mafici a hannuna. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su yadda ya kamata. Takalmin Yaya ya yi jajur da taɓo, ƙasan wandonsa ma haka. Bai kalle ni ba.

Na kai su baranda. Inna na zaune a kan darduma da atamfarta ta kullum, Goggo a gefenta, dangi sun cika ko’ina. Yaya ya tsuguna ya gaishe ta, baƙin suka tsaitsaya a bayansa suna jiran a nuna musu wadda za su fara gaisarwa, don tsofaffin mata sun kai biyar a wurin. Na san wannan ne lokacin da na yi shekara ina jira.

Na ce, “Yaya, baƙi ba su san ta ba. Ka gaya musu wace ce.”

Kowa ya juyo yana kallonsa. Ya ɗago ya dube ni a karon farko. Ya nuna ta da hannu, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Mahaifiyata ce.”

Goggo ta kai hannu bayan kunne ta ce, “Kunnena ya yi nauyi, ban ji ba.”

Ya sake faɗa, wannan karon har mazan da ke rumfa suka ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Baƙin ba su san komai ba, suka ɗauka kunyar ɗan fari ce, suka zauna suka gaishe ta da girmamawa, dattijon ya yi doguwar addu’a aka shafa.

Na kawo musu mafi kyawun abin da ke wutar, haƙarƙarin da ya yini yana nuna har nama na rabuwa da ƙashi da yatsa, da tsire mai zafi da albasa da tumatir. Suka ci sosai, don da yunwa suka zo. Na ajiye wa Yaya farantinsa a gabansa kamar kowa, ban rage masa komai ba. Bai taɓa ba. Yana zaune a kan kujerar roba, taɓo na bushewa a ƙafarsa, yana murmushin dole in an yi masa magana, dangi kuma kowa na satar kallonsa. Na tsaya a bakin murhuna ina kallo, kuma na ji daɗi. Daɗin da na ji a ranar har yau in na tuna ina jin sa.

Da za su tafi ya bari baƙin suka yi gaba, ya zo inda nake kwashe garwashi.

“Abin da kika shirya ke nan tun bara?”

“Shi ne.”

“Da kin same ni mu biyu kin gaya mini.”

Na ce, “Ranar da ka faɗa mata, ai ba ku biyu ba ne.”

Ya juya ya bi baƙinsa.

Inna ta gane komai tun lokacin da Goggo ta dafa ƙafarta. Mutane na watsewa ta ce a mayar da ita Abakpa, ba za ta ƙara kwana ba. Ina haɗa mata kaya a ɗaki ta ce, “Ni na haife shi, ni ya yi wa, na kuma yafe masa tun kafin mu sauka daga Keke. Wa ya aike ki?”

Na ce ba wanda ya aike ni. Ta ce na zaunar da ita a tsakiyar mutane na wulaƙanta mata ɗa da ita kanta. Na ce ni ban yafe ba. Ta karɓi kayanta ta yi gaba. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba, in na je sai ta ce lafiya ta juya ga rediyonta. Na jure, don na san da haka tun kafin in fara. Sai da hidimar bikin yarinyar ta taso, aka bukaci hannu, sannan ta fara aike na kamar da.

An yi auren, kuma ana zaune lafiya. Na je bikin, na yi aiki kamar kowace goggo. Ni da Yaya muka gaisa a bakin ƙofa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba, kuma haka muke har yau. Daga wannan shekara ya fara zuwa Abakpa duk Juma’a bayan masallaci, ya zauna a tabarmar Inna, wani lokaci har da abokansa. Mutane suka ce ya yi nadama. Wataƙila haka ne, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Gashin rana ta uku bai koma Unguwar Rimi ba. Babu wanda ya zauna ya yanke haka, shekara na zagayowa kowa ya kamo hanyar Katabu. Inna ta halarci biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Anti na zuwa da yara, Yaya bai sake takowa ba, ni kuma ban taɓa kiransa ba.

Sallar da ta wuce, da safiyar rana ta uku, sai ga direbansa da wani ƙaton farin rago a bayan mota, irin wanda sai mutum biyu sun riƙe. Ya ce Alhaji ya ce a ƙara a gashin dangi. Malam ya ja ni gefe ya ce hannu ne mutumin nan ya miƙo, Inna ma ba ta nan, in karɓa a wuce wurin. Na ce zan karɓa.

Na kira mahaucin layinmu ya yanka shi a ƙofar gida, a waje. Na sa aka kasa naman ɗanye, aka kai wa maƙwabta gida-gida, da leburorin da ke aikin gini a kangon da ke kusa da mu, da masu gadi. Direban na ba shi cinya guda ya kai wa iyalinsa. Ko yanka ɗaya bai shiga gidana ba. Na ce masa ya gaya wa Yaya saƙo ya iso, an gode, Allah ya ba da lada.

Malam ya tsaya yana kallona, ya girgiza kai, ya wuce ya ɗauko buhun gawayi, don motocin dangi sun fara tsayawa a bakin titi.